Kalmar da ke ƙasan sitika: yadda wata mai yaji a Tudun Wadan Zariya ta mallaki sunan kayanta

Asalin sana'ar, 2016 zuwa 2019

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune a Tudun Wadan Zariya. Zan kira ta Hajiya, kamar yadda kowa ke kiranta a layinsu. Ni nake duba mata littafin lissafi duk ƙarshen wata tun 2019, don haka abin da ke nan daga littafin ya fito, sai kuma abin da na gani da idona. Ta yarda in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na kayanta.

Da yajin jego ta fara. Idan an yi haihuwa a dangi, ita ake kai wa barkono da citta da kimba da masoro da kanumfari ta haɗa, kuma duk maijegon da ta ci sai ta tambayi wa ya daka. Bayan rasuwar maigidanta a 2016 ta mayar da abin sana'a. Barkono daga kasuwar Giwa, citta 'yar Kudancin Kaduna daga Sabon Gari, daddawa daga hannun wata tsohuwa a cikin Birni. Mudu biyar take haɗawa a mako, tana ƙullawa a leda. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na Kongo da Samaru ne suka fara ɗaga kasuwar, domin yarinyar da ke dafa garau-garau a hostel ba abin da take nema kamar yaji mai kyau.

A 2018 ta koma zubawa a roba mai murfi. Wani mai buga takardu a Sabon Gari ya zana mata sitika a kwamfutarsa: barkono uku jajaye da turmi. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe kalma biyu ne, ɗaya tana cewa yaji ne, ɗaya tana faɗin garin da aka yi shi. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai an kusanto da ido, Hajiya ta sa aka rubuta wata kalma da jikarta ta ƙaga tana koyon magana, lokacin da bakinta ya kasa faɗin "yaji". Kalmar ba ta da ma'ana a Hausa ko wani harshe. Don ƙauna kawai aka saka ta. Kuɗin sitika 500 ta biya. Zanen kuwa ya ce kyauta ne, ba rasit, ba takarda.

A 2019 ta yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta sa satifiket ɗin a gilashi ta rataye a falo. A ganinta, da ma a ganina a lokacin, magana ta ƙare.

Jabu ya shigo kasuwa, 2020 zuwa 2021

Kullen korona da aka saka a Jihar Kaduna a ƙarshen Maris 2020, da yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disamba, sun ɗauke mata ɗalibai. Sai ta juya ga masu shaguna da odar WhatsApp. A ƙarshen shekarar littafin ya nuna katan 14 a mako, kowane katan roba 24. Mata uku ke tsincewa da tankaɗe, wani saurayi ɗan unguwa yana kai niƙa yana kuma raba kaya da babur.

A farkon 2021 saurayin ya bar aiki, ya ce zai koma kabu-kabu. Bayan kamar wata uku wata mata ta yi sallama da roba a hannu. Ina wurin. Ta buɗe murfin ta miƙa wa Hajiya ba ta ce komai ba. Yajin ya dunƙule, launinsa ja fiye da ƙima, yana tashin warin danshi. Hajiya ta dangwala da yatsa ta ɗora a harshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan garin masara ne da gishiri da kala. Ba hannuna ba ne." Matar ta juya robar ta nuna mata sitikar. Barkono uku da turmi, sunan nan, har da kalmar jikarta a ƙasa, ba abin da ya bambanta.

Bincike bai yi wuya ba. Saurayin ne ke haɗawa a wani ɗaki a Muciya, mai buga takardun kuma yana sayar masa da sitika daga zanen da ke kwamfutarsa. Yana ba masu shago a kan farashin da ya gaza nata da kusan kashi ɗaya cikin uku. Zuwa watan azumin shekarar kayanta ya sauko katan 8.

Abin da aka gwada bai yi ba

An fara da sulhu. Mai unguwa ya kira saurayin, ya durƙusa ya ce, "Umma, ki yafe mini, ba zan ƙara ba." Ya daina na mako shida, ya ci gaba.

Aka je wurin mai buga takardu. Amsarsa ita ce ta fi yi wa Hajiya ciwo: "Hajiya, ni na zana, a kwamfutata yake. Sitika kika saya, ba zane ba." Ta dawo gida tana cewa rashin kunya ne. Daga baya muka gane cewa a doka maganarsa tana da ƙafa.

Aka kai ƙara wurin 'yan sanda da satifiket ɗin CAC. Jami'in ya duba, ya ce wannan takardar sunan kasuwanci ce, ba ta nuna cewa ita kaɗai ke da ikon manna wannan suna a jikin roba ba, su je su sasanta ko su nemi lauya.

Ta canza launin murfi daga fari zuwa ja, cikin wata guda jabun ma ya koma ja. Ta rage farashi, ribar ta tafi, jabun kuma ya ƙara ragewa, tunda shi ba ya sayen citta. Ta tura saƙon murya a zaurukan WhatsApp tana gargaɗi, sai wasu suka ji tsoron kayan gaba ɗaya, na gaske da na bogi.

Ƙofar da ta buɗe ta wata hanya, 2022

Ba neman kare suna ne ya kai ta wurin lauya ba. Wani babban kanti a Kaduna ne ya ce zai ɗauki kayanta idan akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a cikin takardun da hukumar ke nema kuma akwai shaidar cewa an shigar da sunan kaya a ofishin rajistar alamun kasuwanci. Wannan ofishi yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma ba ruwansa da CAC. Wata ƙawar 'yarta da ta karanta shari'a a Kongo ta karɓi aikin.

Ranar da Barista ta zo, ta ɗauki roba ɗaya ta ajiye a kan tabarma ta ce, "Mama, dukiya uku ce a cikin robar nan, kuma kowacce makullinta daban. Akwai suna, akwai zane, akwai haɗi."

Ta fara da suna. Dokar alamun kasuwanci ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1965, ba ta sakin hannu wajen yi wa kalmar da ke siffanta kaya kai tsaye rajista, haka ma sunan gari. Dalilin a fili yake: duk mai daka yaji a Zariya yana da haƙƙin ya ce nasa yaji ne kuma a Zariya aka yi shi. Ke nan babban sunan da Hajiya ta shekara huɗu tana ginawa ba abu ba ne da za ta iya killacewa cikin sauƙi. Akwai hanyar ƙarar wanda ya sayar da kayansa da sunan na wani ne, ko da ba rajista, amma sai ta kawo shaidu masu ƙarfi cewa jama'a sun san sunan da ita kaɗai, ga kuɗin shari'a, ga lokaci.

Barista tana jujjuya robar sai idonta ya faɗa kan ƙananan baƙaƙen. Ta tambayi ma'anar kalmar. Hajiya ta yi dariya ta ba ta labarin jikarta. Barista ta ce, "Mama, wannan ce dukiyar. Ƙirƙirarriyar kalma ita ce doka ta fi so, domin babu wanda zai ce yana buƙatarta don ya siffanta kayansa."

Hajiya ta yi mako biyu ba ta amince ba. Tsoronta shi ne kwastomomi su ɗauka wani sabon kaya ne. Akwai kuma wani abu da ke damun ta wanda ba ta faɗa wa lauya ba, sai ni ta faɗa wa: shin ya halatta mutum ya ce kalma tasa ce, ya hana wani Musulmi cin abinci da ita? Ta kai tambayar wurin malaminsu na Islamiyya. Ya tuna mata hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ya kuma gaya mata cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ne da shari'a ke karewa, kuma ana iya sayar da su. Na lura tun daga ranar ta daina cewa "sunan nan", ta koma cewa "sunana".

A Nuwamba 2022 aka bincika rajista, ba a samu mai irin kalmar ba, aka shigar da buƙata a rukuni na 30. Kayayyaki da ayyuka an kasa su rukuni 45 ne, kayan yaji da na ƙamshin girki suna cikin na 30, kuma kariyar tana tsayawa ne a kan kayan da aka yi rajistar dominsu.

Sai zane. Barista ta tabbatar da cewa a dokar haƙƙin mallaka, tsohuwar ta 1988 da sabuwar ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023, wanda ya zana shi ne mai zanen tun farko, kuma haƙƙin ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Maimakon a yi ta jayayya da mai buga takardu, aka bar masa barkononsa uku. Wani ɗalibin sashen zane-zane na ABU ya yi sabo, an biya shi, ya sa hannu a takarda mai shafi ɗaya cewa ya miƙa wa Hajiya haƙƙin gaba ɗaya. Kalmar jikarta ta hau sama da manyan baƙaƙe, tsohon sunan ya sauko ƙasa. Wata takwas ana buga su tare kafin a cire tsohon. Aka kuma koma wata maɗaba'a da yarjejeniyar cewa ba za ta buga wa kowa ba sai da takardar Hajiya, kowace sitika da lambarta a jere.

Kan haɗi ne aka fi daɗewa. Wani ɗan uwanta ya ba ta shawarar ta nemi takardar haƙƙin ƙirƙira, irin wadda ake ba masu ƙera sabon abu a ƙarƙashin dokar 1970. Barista ta ce a'a, saboda dalili biyu. Na ɗaya, sai abu ya zama sabo fil, yaji kuwa kakanninmu sun daka. Na biyu, mai neman wannan takarda dole ya rubuta yadda ake yin abin dalla-dalla, kowa na iya zuwa ya karanta, bayan shekara 20 kuma kariyar ta faɗi. Sirri ba shi da wa'adi muddin an riƙe shi. Najeriya ba ta da wata doka ta musamman a kan sirrin sana'a, don haka abin da ke tsare shi tsarin aiki ne da yarjejeniya.

Hajiya ta raba aikin gida biyu. Barkono da gishiri da ƙuli, ma'aikata ke yi a tsakar gida. Kayan ƙamshin da ke ba yajin ɗanɗanonsa, da yawan kowanne, da tsawon lokacin da ake gasa wasu kafin niƙa, ita da 'yarta kaɗai ke yi a ɗaki ranar Laraba, su zuba a bokiti mai murfi. Suna ce masa uwar yaji. Gwangwani ɗaya nasa ake zubawa a kan awo goma na sauran. Ma'aikatan sun sa hannu a takardar riƙe amana da aka rubuta da Hausa, aka karanta a bainar shaidu biyu. Ɗaya daga cikinsu, wadda 'yar ƙanwar Hajiya ce, ta yi fushi ta ce an mayar da ita bare. Hajiya ta ce mata, "Ke da kike karatu, ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani ba a kan rubuta bashi take ba? Rubutu ba zargi ba ne."

Shekarar jira da kuskure biyu, 2023

Takardar amincewa daga ofishin rajista ta fito a farkon 2023, da ita aka ci gaba da neman lambar NAFDAC. Amma satifiket na ainihi sai an buga alamar a mujallar ofishin, an ba duk mai ƙorafi wata biyu ya fito. Jiran buga mujallar ya ci kusan shekarar duka.

Shekarar ta zo da nauyi. Ƙarancin takardun kuɗi a Fabrairu, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, ga cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna da damina. Oda tana zuwa daga Kaduna da Kano, amma kuɗin kai kaya yana cinye ribar, ba kuma jarin buɗe wani wurin.

Kuskure na farko, ta je banki neman rance da alamar a matsayin jingina. Dokar 2017 ta jinginar da kadarorin da ba ƙasa ko gini ba ta buɗe ƙofar a ba da irin wannan dukiya jingina, akwai ma rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki. Ma'aikacin ya saurara da ladabi, ya ce su takardar fili ko gida suka sani.

Kuskure na biyu daga gida ya fito. Wani ɗan ƙanin mijinta a Kano ya ce ta ba shi sitika da uwar yaji ya riƙa haɗawa can, su raba riba. Da baki aka yi, don kunya. Cikin wata huɗu ya mayar da awon gwangwani ɗaya a kan goma sha biyar, ƙorafi ya fara zuwa, lissafi kuma bai taɓa zuwa ba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ta daina aika masa da sitika, zumunci ya yi sanyi har yau.

Satifiket da lasisi, 2024 zuwa 2025

Satifiket ɗin ya fito a 2024, yana ɗauke da kwanan watan da aka shigar da buƙata, domin daga ranar doka ke fara ƙirga. Lambar NAFDAC ma ta samu bayan an duba ɗakin da ta gyara a bayan gida.

Ba a jima ba jabun ya kwaikwayi sabuwar sitikar, har da lambar NAFDAC ɗinta. Barista ta rubuta wasiƙa huɗu, ɗaya ga saurayin, ɗaya ga wanda ke buga masa, biyu ga manyan 'yan sarin da ke ɗaukar kayansa, kowacce da kwafin satifiket, tana sanar da su cewa irin wannan shari'a a Babbar Kotun Tarayya ake yi, kuma an kai rahoton lambar da aka sata ga hukumar. 'Yan sarin ne suka fara janyewa, domin su ke da shago da kayan da za a iya kwashewa. Ba a kai ga kotu ba. Saurayin ya koma tsohuwar sitika mai barkono uku da tsohon suna, kuma har yanzu yana sayarwa da su.

A tsakiyar 2024 aka sa hannu a lasisi na farko, wato yarjejeniyar ba da izinin amfani da sunan, da wata mata mai ƙaramin kamfanin garin kunu a Kaduna, wadda ke da injina da motar raba kaya. Sharuɗɗan a taƙaice: shekara biyu, garin Kaduna da hanyar Abuja kaɗai, uwar yaji da sitika daga Zariya za su riƙa zuwa, tana biyan wani adadi a kan kowace sitika da ta karɓa, ba a kan ribar da ta ce ta samu ba, Hajiya na da ikon shiga wurin aikin ba sanarwa ta ɗanɗana, idan aka kama canjin awo sau biyu, yarjejeniya ta mutu. An cika sharuɗɗan NAFDAC na sabon wurin, an kuma nemi a rubuta matar a rajista a matsayin mai amfani da alamar da izini.

A ƙarshen 2025 littafin ya nuna katan 19 a mako daga Tudun Wada, da katan 26 daga Kaduna da Hajiya ba ta sayi injin ko fetur ɗin yin su ba. Sau ɗaya ta tarar gishiri ya yi yawa, aka dawo da katan shida aka sake haɗawa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina matakan 2021 sun gaza ne saboda Hajiya tana kare abin da ba ta riƙe da shi. Sunan na kowa ne, zanen na wani ne, satifiket ɗin da ke bango kuma amsar wata tambaya ce daban. Ina da nawa kason laifi, domin ni ma na ga takardar CAC na ce ta wadatar.

Rajistar ita kaɗai ba ta kori jabu ba, ta dai sa masu abin asara sun guje shi. Babban amfaninta ya bayyana ne a wurin lasisi. Bambancin Kano da Kaduna ba na halin mutane ba ne kawai. A Kano ta ba da amana ba tare da igiya a hannunta ba. A Kaduna igiya uku take riƙe da su, kuma kowacce tana tallafar 'yar uwarta: ba uwar yaji ba ɗanɗano, ba sitika ba lissafi, ba satifiket ba abin da za a ƙwace idan an saɓa. Ɗaura biyan kuɗi a kan sitika mai lamba shi ne dabarar da ta fi burge ni, domin ta kawar da gardamar riba tun kafin ta taso.

An yi asara kuma. Tsohon sunan ya tafi, akwai tsofaffin kwastomomi a Samaru da har yau suke sayen mai barkono uku suna zaton nata ne. Banki bai karɓi alamar ba. Zumuncin Kano bai gyaru ba.

Saura magana biyu a gabanta. Tun da aka sake buɗe iyaka a Maris 2024 fatake ke kai kayanta Maraɗi, rajistar Najeriya kuwa ba ta tsallaka iyaka. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, ta ƙasashen Afirka da ke rajistar alamun kasuwanci tare, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma Hajiya ba ta shigar ba tukuna, tana tara kuɗin. Ta biyu ita ce sabuntawa. Rajistar farko shekara bakwai take yi, daga nan sai a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Na rubuta mata Nuwamba 2029 da jan biro a cikin bangon littafin lissafi, ita kuma ta sa jikar tata, wadda yanzu take firamare, ta sake rubutawa a ƙasa da hannunta.